Gyaɗar da na ɓare a Dagumawa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar tashar Unguwa Uku, ni da abokin karatuna, wanda Allah ya ba shi bakin da ya hana ni. Ban taɓa ɗokin tafiya irin wannan ba, amma akwai fargaba a ƙarƙashin ɗokin. Digiri na biyu nake yi a fannin nazarin hutu da nishaɗi, kuma burina in zama malamin jami'a a wannan fanni. Na ce zan yi bincike a kan yadda manoma suke shaƙatawa. Malamar da ke duba aikina ta ce duk abin da na rubuta daga littattafai na kwaso shi. Ta ba ni dama ta ƙarshe: in je in ga abin da idona, in kuwa na dawo hannu rabbana, za a mayar da ni binciken otal-otal na cikin birni, abin da ko kaɗan ba na so.

Kuɗin mota ya tashi sosai a kan na bara, fasinjoji suka yi ta mita har muka wuce Mariri. Hanyar dai shimfiɗaɗɗiya ce. Kaka ta yi, ko'ina dammunan dawa ne a jingine, ga amalanke ɗauke da harawa suna tafiya a gefen titi ba sa gaggawar kowa. Da muka hau gadar Wudil na leƙa ta taga kamar ƙaramin yaro. Kogin ya ja baya, masunta na cikin kwalekwale, masu ɗiban yashi sun riga rana fitowa.

A gindin gada muka karya da soyayyen kifi da gurasa. Yajin mai suyar kifin ya sa ni hawaye, abokina ya ce tun ba a fara binciken ba na fara kuka. A nan na gwada tambayata ta farko a kan wani mai sayar da rake: me yake yi idan ya sami lokacin hutu? Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi ba ya zaman banza. Na tambayi ɗan acaɓan da ya ɗauke mu zuwa Dagumawa, ya ce hutu sai kabari. Jikina ya fara sanyi.

A Dagumawa muka fara zuwa gaida mai unguwa, ya haɗa mu da wata majalisar dattawa a gindin darbejiya. Ina hango su na ƙara sauri, domin dara suke yi, irin wadda ake haƙa gurabu a ƙasa, ɗaya na wasa da tsakuwa ɗaya da guntayen kara. Abin da na sha karantawa ke nan, ga shi a gabana! Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya da mutanen gida da karatu. Sannan na tattara ƙarfin hali na ce mun zo ne mu ga yadda suke hutawa.

Wani dattijo mai jar hula, tsakuwa na hannunsa, ya ce, "Hutu kuma, samari? Ai gadin shanya muke. Ba ka ga barkono can ba? Awaki."

Na duba. Barkonon na can nesa, kuma babu akuya ko ɗaya a kusa. Daga nan kowa ya ja bakinsa. Abokina ya yi ta zuba, ana amsa masa da "haka ne". Ni kuwa na rakuɓe a ƙarshen tabarma, ina jin kamar otal-otal ɗin nan suna kirana.

Da yake kallo ne kaɗai abin da na iya, sai na yi ta kallo. A hankali na lura babu hannun da yake zaune haka kawai. Wannan na tufkar igiya, wancan na saƙar kaba, wani na gyaran ƙotar fartanya, masu darar ma kowa da ƙwaryar gyaɗa a gefensa. Mu biyu ne kawai muka zo da hannuwa a cinya muna tambayar mutane labarin zaman banza. Sai na jawo ƙwaryar da ke kusa da ni na fara ɓara.

Mai jar hula ya ɗago. "Kai, ashe ɗan bokon yana da hannu! Ku matsa masa."

Shi ke nan fa, majalisa ta dawo yadda take kafin mu zo. Ashe abokin darar tasa taubashinsa ne, wani siririn tsoho mai tari. Ya ci mai jar hula ya ce, "Tashi ka je ka taya mata daka, dara ba taka ba ce." Shi kuma ya ce, "Wanda jikarsa ke cinyewa a gida shi ne zai yi mini baki?" Aka kwashe da dariya, har da ni, da ƙarfi, abin da ya ba abokina mamaki. Ina ɓara suna ba ni labari ba tare da na tambaya ba: yadda ake langa a dandali a zamanin da, da kokawar bayan girbi, da yadda samarin yanzu suka koma gidan kallon ƙwallo, su ma da sunan cajin waya. Suka zaunar da ni dara, aka cinye ni tas kafin in gane inda aka dosa, siririn tsohon ya ce in dawo ranar kasuwa ya ƙara mini.

Bayan la'asar muka yi sallama. A mota na kasa haƙuri, na kira malamata muna kan gada, ina magana da sauri kamar ba ni ba. Na ce mata mutanen suna hutawa, amma sai sun sa wa hutun rigar aiki, kuma wannan nake so in bincika. Ta ce, "To, yanzu ka fara. Ka same ni ofis ranar Litinin."

Na isa gida da magariba, babban yatsana ya yi kanta, ƙurar Dagumawa har gwiwa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, a wurin mutanenmu hutu abu ne mai kunya, ba ya fitowa gaban baƙon da ya kira sunansa. Sai ka zauna, ka kama abin da ake yi, shi da kansa zai matso kusa da kai. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, zan koma, akwai tsohon da nake so in rama a kansa.