Firjin Alhaji da Goron Hanyar Bawku

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, a gabana ya faru, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina tuƙa wa wani dattijo mota a Salaga ta ƙasar Gwanja. Ba zan kama sunansa ba saboda 'ya'yansa suna nan da ransu, mu dai ce masa Alhaji. Jikan fataken goro ne, irin gidajen nan da kakanninsu suka zo daga ƙasar Hausa da jakuna suka zauna, shi kuwa da goro ya ja baya sai ya koma doya da masara da dabbobi. Mutum ne da ba ya yarda da dillali ko kaɗan, shi da kansa yake bin ƙauyuka da rugage ya ga kaya da idonsa, mu tashi daga Salaga mu haura Yendi mu bi ta Nalerigu har Bawku, duk inda rana ta faɗi mana a nan za mu kafa tanti mu kwana. Motar irin babbar nan ce ta shiga daji, mai jan taya huɗu, ta tsufa amma ba ta san gajiya ba.

Damuwar ita ce Alhaji yana da ciwon suga, har ya kai ga allura kullum. A gabana likita ya gaya masa cewa maganin nan ba ya shiri da zafi, in ya dahu a mota ya zama ruwan banza, mutum zai yi ta tsira wa kansa yana ganin ya yi magani alhali ba abin da ya yi. Da farko kula muke cikawa da ƙanƙara, kafin mu kai Yendi ta narke, kwalaben maganin suna iyo a ciki. Babbar 'yarsa ce ta tsaya kai da fata ta ce ko a sayi firjin mota ko Baba ya daina tafiya, shi ya sa muka je Tamale nema.

Iri biyu mai shagon ya nuna mana. Akwai mai araha, fanka ce kawai a cikinsa, ya ce shi wannan rage zafi yake yi, a ranar arewa ba zai tsinana komai ba. Akwai kuma mai inji irin na firjin gida, girmansa kamar akwatin lefe, da ɗan gilashi a gaba mai nuna lambar sanyi. Shi muka ɗauka. Mutumin nan ya yi mana nasiha har yawun bakinsa ya ƙafe: kada a ajiye shi a rana, kada a toshe masa inda yake shaƙar iska, kada a yi ta buɗe-buɗe, sannan babba a cikinsu, a sa wa motar batir na biyu wanda firjin zai riƙa ci, don in aka haɗa shi da na tayar da mota wata rana zai shanye shi a daji. Alhaji ya ce mota ɗaya batir biyu sai ka ce jirgin ruwan fito na Makango, shi ba zai saya ba. Na yi magana, ya ce in ja bakina in yi shiru, ba ni na haifi motar ba. Allah ya jiƙansa, akwai shi da taurin kai, amma akwai shi da zuciya mai kyau.

Dabarata ita ce da daddare in zare wayar firjin daga batirin motar, da safe in mayar, sanyin da ya tara yana kai mu gari ya waye. Haka muka yi tafiye-tafiye lafiya lau. Sai wannan tafiyar, wadda muka yi a tsakiyar bazara, irin zafin nan da ko kwanciya ka yi a inuwa gumi na bin bayanka. A kasuwar Yendi muka sayi nama da ruwan leda muka cika firjin, maganin yana gefe a cikin robarsa. Bayan mun wuce Gushegu muka saki titi muka shiga daji neman wata ruga da aka ce akwai raguna, ba mu same ta ba, rana ta yi ƙasa, sai muka faɗa wani fili mai manyan kukoki da tsohuwar rijiya da ta rufta, ga duwatsun murhu baƙaƙe jere-jere rabinsu a cikin ƙasa. Alhaji ya daɗe yana kallon wurin, ya ce ko shakka babu wannan tsohon zangon fatake ne, kakansa ya sha ba shi labarin irinsa. Ranar shi ya ce kada in zare wayar, zafin ya yi yawa, nama zai lalace.

Da safe na murɗa makulli, mota ta ce ƙyat, ta yi shiru. Na sake, ko ƙyat ɗin ma babu. Ga yashi, mu biyu ne, ɗayanmu dattijo, ba maganar turi. Na ɗaga wayata ta hannu sama na zagaya kukokin nan kaf, ba sabis. Firji ya mutu, gilashin ya yi baƙi. Na zare wayarsa na jefar a ƙasa don haushi, na sauke shi na kai gindin kuka, na jiƙa tawul na lulluɓe shi, ina yi ina sake jiƙawa. Na ce bari in taka in nemo mutane, Alhaji ya ce ban san gabas ba ban san yamma ba a dajin nan, in na ɓata wa zai nemo wa. Gaskiya tsoro ya kama ni, domin na san in maganin nan ya mutu, ko an tayar da motar akwai nisa kafin a sami wani, kuma na taɓa ganin yadda Alhaji yake zama in suga ya hau masa. Kafin azahar na zira hannu na taɓa ledar ruwa ɗaya, na ji ta ɗumi kamar an ajiye ta a aljihu.

Mun idar da salla kenan muna zaune, sai na ji warin jakuna. Ni ɗan Salaga ne, na san warin shanu na san na tumaki, wannan na jaki ne, mai yawa, kamar garke ya kewaye mu, amma ko ɗaya ban gani ba. Sai ga wani tsoho ya ɓullo ta bayan rijiyar, ta inda babu hanya. Doguwar riga ce a jikinsa ta saƙi mai shuɗi duk ta koɗe, da malfa a ka, da sanda, ƙafafunsa sun yi futu-futu da ƙura har gwiwa. Ya yi sallama da wata irin Hausa tsantsa, ba gaurayen yaren Dagbanci ko Turanci a ciki, irin wadda rabona da jin ta tun kakata tana da rai.

Ya ce, “Wane ne madugun wannan ayari?”

Saura kaɗan in yi dariya, mutum biyu da matacciyar mota wai ayari. Amma Alhaji ya miƙe tsaye, ya gyara hularsa, ya ce shi ne. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ana tambayar hanya da ruwa da lafiyar dabbobi, Alhaji yana amsawa kamar ya saba. Sannan tsohon ya nuna firjin da sandarsa ya tambayi wane kaya ne wannan da ake lulluɓe shi kamar majinyaci. Alhaji ya gaya masa magani ne, ba ya son zafi, kuma ransa yana ciki. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce kaya mai son sanyi ai sana'arsu ce, sun kai goro Kano daga Gwanja bai yi ko tabo ba.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙunshin ganye, ɗanye shar, yana ɗigar ruwa, a wannan bazarar da ko ciyawa ta ƙone. Ya warware, ga farin goro guda ɗaya ƙato. Ya ɓare shi biyu ya miƙa wa Alhaji ɓari. Na ga fuskar Alhaji ta canza, ya tsaya yana kallon goron nan ya daɗe, leɓensa yana motsi, sannan ya karɓa da hannu biyu ya yi bisimilla ya gatsa. Tsohon ya juyo ya miƙo mini ɗaya ɓarin, ni kuwa da yunwa da rashin sani har na ɗaga hannu, sai Alhaji ya buge mini shi, bugun da tunda nake da shi bai taɓa yi mini ba.

Alhaji ya ce wa tsohon, “Wannan ɗan haya ne, ba ɗan ayari ba ne. A bar shi.”

Tsohon ya dube ni, kallon da har yau in na tuna tsigar jikina tashi take yi, ya mayar da goron cikin ganye. Ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin firjin, ya ce wa Alhaji, “Za mu riƙe maka kayanka har Bawku. Daga can sai ka biyo mu.”

Ya yi sallama ya koma ta inda ya fito. Ni ban bi shi da kallo ba, tawul na sunkuya in gyara, sai na ji ya yi sanyi ƙarara har ya fara ƙandarewa. Na ɗaga murfi, wani hayaƙin sanyi ya bugi fuskata, ledojin ruwan da na taɓa ɗazu sun fara ƙanƙara. Ga wayar can yashe a ƙasa, gilashin yana nan baƙi, inji bai ce uffan ba. Na ɗago, babu tsoho, warin jakunan ma ya ɗauke.

Na zauna daɓas. Alhaji ne ya yi mini bayani, muryarsa a kwance kamar yana ba ni lissafin doya. Ya ce a al'adar kakanninsa, duk wanda madugu ya ɓara wa goro a zango ya ci, to ya shiga ayarinsa, inda suka nufa can zai nufa. Na ce to Baba don Allah me ya sa ka ci, tunda ka sani? Ya ce da bai ci ba maganin zai mutu a nan, in ɗauki gawarsa ni kaɗai a daji ba wanka ba salla, sannan jikan fatake ba ya mayar da goro a zango, ba a yi masa wannan tarbiyyar ba.

Wajen la'asar Allah ya kawo wata tarakta da ta fito daga gona, masu ita suka ja mu motar ta tashi. Na ɗauko wayar firjin zan mayar, Alhaji ya ce in bar ta, an riga an karɓi aikin. Daga nan na shiga neman hanyar da ba za mu je Bawku ba. A Nalerigu na roƙe shi mu tsaya asibiti, ya ce me zai ce musu, ga shi garau. Na ce mu juya Salaga, ya ce mutanensa na jiransa kuma shi bai taɓa saɓa alkawarin kasuwa ba. Na ce taya tana lilo, na ce inji ya yi zafi, na yi ta jan mota kamar mai tallan kunu, shi kuwa yana kallona yana murmushi, ya ce ƙaryata ba ta da kyau, in daina. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lafiyar da ya samu, ya ci tuwo ya ƙara, yana ta ba'a, da sabis ya dawo ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya ya yi hira da kowa doguwa. Ina tuƙi hawaye na zubo mini, ina cewa ƙura ce.

Washegari da hantsi muka hango Bawku. Kafin mu shiga na tsaya na ɗauko ledar ruwa a firjin, wallahi sai da haƙorana suka yi zafi don sanyi. Muka sauka a gidan mai masaukinsa, aka yi gaishe-gaishe, ya yi alwala ya yi nafila a zaure, ya jingina da bango ya ce in ɗauko masa allurarsa lokaci ya yi. Na je bayan mota na ɗaga murfin, sai wani zafi da ɗoyi suka doke ni har na ja da baya. Naman ya yi kore ya kumbura, ruwan ledojin kamar an sauke daga wuta, maganin da ke cikin kwalaben duk ya gurɓace. Ban koma da gudu ba, don na riga na sani. Na tarar da shi yadda na bar shi, carbi a hannu, mai masaukin yana ta yi masa hira bai ma lura ba. A Bawku aka yi masa sutura, jama'a ta cika maƙil. Na yi kukan da ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu.

Na tambayi malamai a Yendi da Salaga, wani ya ce aljani ne, wani ya ce ajali ne kawai ya zo da siffar da Alhaji zai gane, wani ya ce in yi shiru in yi masa addu'a. Ni dai ban sani ba. 'Ya'yansa sun bar mini firjin, yana ɗakin ajiyata, ban sake haɗa shi da wuta ba, na kuma kasa sayarwa don ban san wa zan ɗora wa ba. Wani lokaci in na shiga sai in tarar jikinsa yana naso kamar sabuwar randa, ranar ko nawa za a ba ni ba na fita da mota.

Shawarata gare ku masu shiga daji da firji, musamman in akwai maganin wani a ciki, ku sa batir na biyu ko mai motar zai zage ku, ku duba wurin da za ku kwana tun da sauran rana, in kun ga tsofaffin duwatsun murhu a inda babu gari ku ƙara gaba. Kuma in baƙo ya ɓara muku goro a irin wannan wurin, ku dubi babban da ke tare da ku kafin ku miƙa hannu.