Gashin Makokin Filinna

Shekara ashirin Filinna ta yi tana haɗa fuskokin wasa a shagon mijinta Lamfon, a unguwar magina tukwane ta birnin Atina. Da ƙyalle da danƙo take yin su, ta wangale musu baki, ta dasa musu gashi. Maza ne ke saka su ko da mace za a kwaikwaya, don mace ba ta hawa dandali.

Ɗa ɗaya gare ta, Nikandro. Ya shiga jirgin yaƙi bai dawo ba, ko gawarsa ba a gani ba. Ta yanke gashinta kamar yadda ake yi a makokin mamaci, amma babu kabarin da za ta ɗora shi. Sai ta naɗe shi ta ɓoye a akwatin ulu.

A bikin gari na wata shekara wasan barkwanci za a yi, na matan da suka yi bore wai sai an daina yaƙi. Ana gobe biki ta shiga shago, ta tarar da ɗan wasan, wani ƙato mai tumbi, yana gwada fuskar tsohuwar da ke jagorantar boren. Ya maƙe murya yana karkaɗa ƙugu: "Wayyo ni, ku dawo mana da 'ya'yanmu!" Lamfon har da riƙe ciki don dariya.

Sai idonta ya kai kan gashin tsohuwar. Nan take ta gane shi.

"Lamfon, gashin wa ka dasa a nan?"

"Haba Filinna, furfura muka rasa. Yana kwance a akwati, asu ne zai cinye shi."

"Na makokin ɗanka ne!"

"Ɗana ya mutu jarumi. Ke kuwa gobe duk gari zai kalli gashinki. Ba sai ki gode ba?"

Ta fizge fuskar daga kan ƙaton, har ya yi ƙara da muryarsa ta gaske. Ta tsinke gashin tas, ta cusa a rigarta, sannan ta jefa wa mijin almakashi.

"Furfura kake nema? Ga ta nan fal a gemunka, tsohon banza!"

Washegari tsohuwar ta fito da gashin akuya, gari ya sha dariya. Filinna ba ta je ba, kuma ba ta sake taɓa danƙo ba har ta mutu.