Hannun da Aka Ɗaga Mini a Gindin Aduwa

Ni dai tun ina yaro idona ba ya ganin nesa. Abin da ya wuce taku goma, mutum da kututture duk ɗaya ne a wurina. Da tabarau na yi karatu, da shi na zama malamin firamare a wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni, ina zirga-zirga a kan keke. Sai dai tabarau da keke ba sa ga maciji. Gumi ya zamo da shi kan hanci, rairayi ya kayar da ni, in tashi ina lalube a ƙasa. Da na fasa na uku, likitan ido a Sakkwato ya ce in gwada irin wanda ake mannawa a kan ƙwayar ido. Ɗan abu ne mai laushi, bai fi farcen ƙaramin yatsa ba. Matata ta sa masa suna ɓawon albasa, wai ga kama ga kuma hawaye.

Na sha wuya kafin in saba da shi. Sai an wanke hannu tas kafin a taɓa shi, ga ruwan rijiyarmu ya koma kamar kunun kanwa. Matata kan ajiye mini kofi ɗaya ya kwana ya kwanta, ta tace da ƙyalle, ta tafasa. In zauna gaban ɗan madubi ina tsokanar idona, ido na gudu, ni ina zagi, ita tana dariya. A kan keke kuwa iska ta busar da shi, in ƙwayar rairayi ta shige ƙarƙashinsa sai ka rantse barkono aka watsa maka. Likita ya ce in ya dame ni in cire, in sa a ɗan gwangwaninsa mai ruwan magani. Na riƙe wannan shawara fiye da kima.

Shekara ta biyu ke nan damina na ƙi. Gero ya bushe a tsaye bai fitar da kai ba, gulbi ya koma hanyar jakuna. Duk wanda ya ɗauro buhu a bayan keke, kafin ya kai gida masu roƙo sun tare shi sau biyar. Mutane suka koyi kau da kai. Ni ma na koya, ba za ni ɓoye ba.

Keken nan kuwa na Kawu ne, yayan mahaifiyata, manomi a wani ƙauye kusa da Alkalawa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya koya mini hawa yana riƙe da kariyar ɗora kaya yana gudu a bayana, ranar da na sami aiki kuma ya miƙa mini shi kyauta. Doka ɗaya ya haɗa mini da shi. Ya ce, "In ka hangi babba, sauka. Ko ba ka gane shi ba, sauka, ƙafa ba ta ƙarewa."

Wata ranar kasuwar Sabon Birni na samo rabin buhun gero da kyar, na ɗaure na kamo hanya. Da la'asar guguwa ta rutsa da ni a fili, ido biyu suka ɗauki wuta. Na tsaya na cire ɓawon albasa na sa a gwangwaninsa na jefa a aljihu, na ci gaba ina bin farin hanya da ƙiyasi. Daf da kwanar ƙauyenmu akwai wata aduwa. A gindinta na hangi wani abu fari-fari ya miƙe, ya ɗaga hannu. Na ga hannun, wannan kam na gani. Na tuna 'ya'yana uku da tukunyar da ke jira, na sunkuyar da kai na danna feda.

Washegari mai facin taya da ke zama kusa da aduwar ya tsayar da ni. Ya ce, "Malam, kawunka fa ya wuni nan jiya. Da ƙafa ya zo. Ya ce yana jin nauyin matarka, gara ya tare ka a hanya. Da ka wuce ya roƙi ruwa ya sha, ya kakkaɓe riga ya juya."

Ban je makaranta ba ranar. Na koma gida na raba geron biyu, na sa abin idona, na nufi Alkalawa. Na tarar da Kawu a ƙofar gida yana tufka igiya. Wannan karon na gan shi sarai, har na so a ce ban gani ba. Wuyansa ya zurma, turken shanunsa babu ko kashi, rumbu a buɗe. Na sauka tun daga nesa, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Sai na shiga bayani, ni da bakina mai kaifi, na iska da rairayi da likita. Don kafa hujja har na ciro na idon dama, na ɗora a kan yatsa na miƙa masa.

Ya matso ya duba, ya ce, "Ikon Allah. Wanga ɗan abu?"

Na ce, "Shi ne, Kawu. Jiya ba ya idona. Wallahi ban gane ka ba."

Ya ce, "Na yarda, ɗana. Ni kau tun daga nesa na gane kukan sarƙar keken nan." Ya ci gaba da tufkarsa, can ya ɗago. "To da ka ga hannu, wa ka zata?"

Da na ce ban ga hannu ba, da magana ta mutu. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba, bakina bai san hanyar ba. Na ce, "Na zaci mai roƙo ne."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Ai idonka bai yi maka ƙarya ba. Roƙon na fito."

Babu faɗa a muryarsa, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na kwance geron na ajiye a gabansa. Bai ƙi ba, akwai jikoki a cikin gida. Ya ɗaga hannu biyu ya yi doguwar addu'a, irin wadda ake yi wa baƙon da ya ba da sadaka, ya shafa, ya ce, "Allah shi saka da alheri, Malam." Tunda nake bai taɓa kirana Malam ba.

Abin da ke kan yatsana ya riga ya bushe ya nannaɗe. Da ido ɗaya na koma gida, ina kuka, ba rairayin da za ni ɗora wa laifi.

Daga baya na saba da abin, har ina sa shi ba madubi. Na yi ta kai wa Kawu hatsi duk wata, yana karɓa yana godiya, ina jiran ya sake ce mini ɗana. Ya rasu kafin ruwa ya dawo, bai sake taka hanyar gidana ba, kuma har ranar ƙarshe Malam yake ce mini.