Oga Sanyi da Wutar Gwaggo

Idan ka shiga Sabon Gari ka ce kana neman Nwabueze, za a tambaye ka wanne daga ciki. Amma ka ce Oga Sanyi, ko mai tallar lemo za ta nuna maka layinsu. A nan aka haife shi, a nan ya yi wayo, Hausarsa kuwa ta Kano ce tsantsa, har wani lokaci ni da nake taƙama da gidan malamai yakan gyara mini karin magana. Tun yana saurayi sana'arsa ɗaya ce, gyaran firiji. Ya yi wa masu kifi ɗakunan sanyi, ya yi wa masu ƙanƙara injin da ke fitar da su kunya a watan azumi. Mutum ne gajere, mai furfura a gefen kunne, ba ya ɗaga murya, kuma yana da wata ɗabi'a ta kara kunne a jikin inji kafin ya taɓa shi da sifana.

Ni sunana Jawahir. Na san shi ne a wata cibiyar ɗaukar hoton marasa lafiya da ke Fagge, tsakanin shagunan atamfa, inda nake aiki da babbar na'urar nan da ake tura mutum cikinta a ga ƙwaƙwalwarsa da lakarsa ba tare da an tsaga shi ba. Likitoci suna ce mata MRI. Baba Nwabueze ya raɗa mata Gwaggo, wai don ba ta ƙaunar ganin ƙarfe a jikin kowa. Ko ɗan kunne ko fil ɗin mayafi ka shigo da shi, za ta fizge abinta ba sallama. Dalili shi ne cikinta wani ƙaton mayen ƙarfe ne, wanda aka yi da waya mai tsawon gaske da aka nannaɗe.

Yana nan ranar da aka kafa ta, kuma ya ba ni labarin ya fi sau ashirin, ban taɓa gajiya ba. Injiniyoyin da suka kawo ta sun cika cikinta da wani ruwa mai suna hiliyom, wanda sanyinsa ya wuce duk abin da mai gyaran firiji ya taɓa mafarki. Suka jona wasu kaurara wayoyi, suka yini suna ɗura mata wuta kaɗan kaɗan. Da suka gama sai suka zare wayoyin, suka naɗe, suka zuba a akwati, suka kama hanya.

"Na bi su har bakin mota," in ji shi. "Na ce Oga, kun tafi da wayar, da me za ta yi aiki? Babban nasu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wutar tana ciki, tana zagayawa, ba ta bukatar kowa. Kai dai kar ka bari ta ji ɗumi."

Aikinsa ke nan tun daga ranar. Akwai wani inji a saman Gwaggo da ke hana hiliyom ɗin tsiyayewa, yana wani kuka cit, cit, cit, dare da rana kamar ɗan tsako. Injin yana son wuta da ruwan sanyi, a garin da wuta take zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Idan injin ya tsaya, Gwaggo ba ta mutuwa nan take, sai dai ruwan sanyinta ya riƙa raguwa a hankali, shi kuwa ba abin da za ka aika a sayo maka a Kasuwar Singa ba ne, daga ƙasar waje ake kawo shi. Shekara goma sha ɗaya Baba Nwabueze yana tsaye tsakanin Gwaggo da zafin Kano. An yi bikin 'yarsa Adaugo a garinsu na asali, kwana ɗaya ya yi ya dawo, matarsa ta yi wata guda ba ta dafa masa miyar da yake so. Alkawari ya ɗaukar wa kansa, kuma kowa a cibiyar ya san shi: wutar nan ba za ta mutu a hannunsa ba.

Na zo aikin ina hura hanci, ba zan ɓoye ba. Kimiyyar lissafi da lantarki na karanta a jami'a, kuma a kan irin wannan waya na yi bincikena na ƙarshe. A makona na farko ya tsare ni a bakin ƙofa.

"Malama, an ce kin karanta abin. Ni shekara talatin ina taɓa waya. Duk wayar da wuta ta bi sai ta yi zafi, ko kaɗan ne. Wannan me ya sa ba ta yi?"

Na fara zuba masa Turanci. Ya saurara cikin ladabi, sannan ya ce in sake faɗa da Hausa, in dai na gane abin da nake faɗa. Kunya ta kama ni. Na koma gida na kwana biyu ina juya maganar, na dawo na ce masa: akwai wasu ƙarafa da idan sanyi ya kai musu maƙura, sai su daina yi wa wuta gardama kwata-kwata. Ba gardama, ba zafi, ba asara, don haka wutar da ta shiga sai ta yi ta kewayawa. Amma ƙarfin mayen ƙarfen yana son ya kutsa cikin wayar da kanta, kuma yana kutsawa, sai dai a siffar wasu 'yan guguwowi ƙanana ƙwarai, miliyoyinsu, kowace tana juyawa a inda take. Wutar da ke wucewa tana tura su. Muddin suna tsaye a wurinsu, lafiya lau. Ranar da suka zame suka fara tafiya, tafiyar tasu za ta haifi zafi, zafin ya sa wasu su zame, cikin ƙiftawar ido komai ya rushe.

"To me ke riƙe su?" ya tambaya.

Na ce ƙananan tabo ne a cikin ƙarfen, waɗanda maƙeran suka sa da gangan. Kowace guguwa sai ta samu tabo ta maƙale.

Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin. Can ya ce, "Wato awaki ne, kowace da turkenta. Sanyin nan da nake gadi, igiyar ce." Ya cire hularsa ya shafa kai. "Ikon Allah. Awaki miliyan a cikin wayar da ba ta kai kaurin tsinken tsire ba, kuma duk a ɗaure."

Wallahi tsikar jikina sai da ta tashi. Shekara huɗu ina rubuta abin nan a takarda ina cin jarrabawa, amma ban taɓa jin girmansa ba sai a bakin mai gyaran firiji. Daga ranar na daina shiga ɗakin nan da garaje. Da na gaya masa cewa lokaci lokaci wata guguwar takan ɗan zame ta koma wani turken, don haka wutar tana raguwa, amma ƙanƙanin da sai an yi ɗaruruwan shekaru kafin ta ƙare, sai ya ce, "To ita za ta binne mu ke nan." Da murna ya faɗa, kamar mai yabon jika.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda ba, wato amininsa Malam Hamzat na Fagge, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Tare suka koyi sana'a a wurin ubangida ɗaya, tare suke cin abincin rana a ƙarƙashin rumfar wani mai shadda, kuma musu shi ne gishirin abotarsu. Hamzat gwani ne, ba na wasa ba, shi ya sa ma ya ƙi yarda.

"Oga Sanyi, ka girma fa," yakan ce. "Wutar da ba a jona ba? Akwai wata waya a ƙarƙashin ƙasa, sun ɓoye maka ne kawai. In an ɗauke wuta komai ya mutu, wannan ko jaririn Kano ya sani."

"Zo ka gani da idonka."

"Na ga me? Tulun roba fari? Kai dai a bar maganar."

Ranar da abin ya faru Laraba ce, ana tsakiyar zafin bazara. Na'urar sanyaya ɗakin Gwaggo ta yi rauni, Baba Nwabueze ya kira Hamzat ya zo ya ƙara mata gas. Ya ja masa kunne a waya cewa ya jira shi a waje, za su ja dogon tiyo daga baranda, tukunyar gas ɗin ba za ta shiga ɗakin ba. Wajen azahar aka ɗauke wuta, babban janareta kuma ya yi tari biyu ya mutu. Baba ya ruga baya wurinsa. Ni kuma na sallami mara lafiyar da ke jira, na tafi alwala. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ban murɗa mukullin ƙofar ɗakin Gwaggo ba. Na ce yanzu zan dawo.

Hamzat ya iso ya tarar da baranda ba kowa, fitilu a mace, fanka a tsaye, kukan ɗan tsakon nan ma ya yi shiru. Duk abin da shekara talatin ta koya masa ya gaya masa cewa babu wuta a gidan nan. Ya rungumi tukunyar gas ɗinsa ta ƙarfe a ƙirji, ya tura ƙofa da ƙafa.

Ƙarar da na ji kamar mota ta daki ƙyauren gareji. Na zo a guje, hannuna da ruwa. Gwaggo ta fizgi tukunyar, tukunyar ta juya da shi, ga Hamzat manne a bakin na'urar, ƙarfen ya danne masa ƙirji da hannun dama, ƙafafunsa da kyar suke taɓa ƙasa. Bai iya ihu ba. Bakinsa kawai ke buɗewa. Mai gadi da wasu 'yan kasuwa biyu suka cire agogo da mukullai suka shiga suka ja, suka ja, ko motsi tukunyar ba ta yi ba. Babu wuta a unguwar gaba ɗaya, amma wutar da aka ɗura shekara goma sha ɗaya da suka wuce tana riƙe da ƙarfen nan fiye da ƙarfin ƙarti uku.

A bangon ɗakin da nake zama ina sarrafa na'urar akwai wani jan maɓalli a cikin murfin roba. Idan aka danna shi, yana ɗumama wani ɗan wuri a jikin wayar da gangan, awakin su tsinke gaba ɗaya, wutar ta mutu, hiliyom ɗin ya tafasa ya gudu. Baba Nwabueze da kansa ya naɗe murfin da salatif, ya rubuta gargaɗi da Hausa da Turanci da Ibo, kada wani ya kuskura. Aikina ne in danna shi. Na tsaya a gabansa, na kasa samun bakin salatif ɗin.

Sai ga shi ya shigo, hannunsa duk baƙin mai. Ya leƙa ta gilashi ya ga amininsa, leɓen Hamzat ya fara canza launi. Ya dubi maɓallin. Na ga hannunsa ya tsaya a sama, tsawon numfashi ɗaya, kuma ba zan taɓa manta fuskarsa a numfashin nan ba. Ya ce, "Matsa, 'yata." Ya sa gwiwar hannu ya fasa murfin, ya danna.

Wani gurnani ya taso daga cikin Gwaggo, ya bi bututun da ya fita ta rufin gini. An ce a waje wani farin hayaƙi ne ya turnuƙe sama, mai sanyi, a tsakiyar rana, har masu adaidaita sahu suka tsaya cirko-cirko, masu atamfa suka fito suna salati. Ni ban gani ba, idona yana kan tukunyar. Ba a yi minti ɗaya ba ta sulale a hankali ta faɗi ƙasa, Hamzat ya biyo ta. Ya ja wani numfashi mai ƙara da har yau nake jinsa a kunnena.

Haƙarƙari uku ya karye, da hannu. Ana ɗaukarsa a kan gadon turawa ya kamo rigar Baba da hannun hagu, muryarsa can ƙasa.

"Oga Sanyi... ashe da gaske kake."

"Rufe bakinka ka yi numfashi, mai taurin kai," in ji Baba. Hawaye na bin furfurar gemunsa.

Bayan an tafi da shi, mutane suka watse, janareta ma ya tashi da kansa kamar mai neman gafara. Fitilu suka kama. Na zauna a ƙasa ina kuka, ina cewa laifina ne. Baba ya dube ni. Ya buɗe jakar aikinsa ya ɗauko tsohuwar sifanarsa ta ƙarfe, wadda tun yana saurayi take tare da shi, wadda shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa ƙetare ƙofar ɗakin nan ba. Ya shiga da ita, ina kallonsa ta gilashi. Ya je har bakin Gwaggo, ya kara sifanar a jikinta, ya sake ta.

Ta faɗi a kan siminti.

Ya sunkuya ya ɗauka, ya goge ta da gefen rigarsa. Sannan ya kara kunnensa a jikin na'urar kamar yadda ya saba kowace safiya, ya daɗe a haka. Ya dafa ta da tafin hannu ya ce, "Sannu da aiki, Gwaggo." Ya fito ya tambaye ni wane asibiti aka kai Hamzat, ya tsayar da adaidaita ya bi shi.