Jan Layi a Katin Autanmu

Ni na tsara ɗakin fayil na sabuwar jami'ar da hannuna, kuma har yau in na tuna irin homar da na yi a kansa sai in ji kamar in mari kaina. Shekarun farko ne bayan samun 'yancin kai. Da aka ɗauke ni akawu, takardun ɗalibai a kwali suke, wasu a ƙasa, wasu ƙarƙashin teburin masinja yana ɗora ƙafa a kai. Mutum ya zo neman takardarsa, sai a wuni ana tono kamar kaji a juji. Na ce wannan ba aiki ba ne. Na yanka kati, na ce kowane ɗalibi kati ɗaya, lamba ɗaya, fayil ɗaya. Duk wasiƙar da ta shigo a kan mutum, a sa ta cikin fayil ɗinsa a ranar. Wanda ya bar karatu ko ya rasu, a ja wa katinsa jan layi, a aika takarda ofishin jarrabawa, da laburare, da ɗakin kwanan ɗalibai, kada rana ta faɗi ba a yi ba. Na buga dokar a tafireta na manna a bango. Magatakarda, wani Bature mai ƙarancin magana, ya karanta ya gyaɗa kai. Wata guda ina tafiya kamar ba na taka ƙasa.

Mu uku ne maza a wurin Baba, a wani ƙauye kusa da Paki: ni, da mai bi mini, da auta. Ni aka fara ɗauka makarantar boko, ba da son Baba ba. Bayan 'yan shekaru aka sake zagayowa, dagaci ya rubuta sunan mai bi mini. Baba ya ce ina, an ɗauke masa ɗaya, ba zai ba da mai riƙe masa fartanya ba. Ya kama hannun auta, wanda a lokacin ɗan firit ne mai yawan laulayi, ya kai shi elemantare, ya ce masa in an kira sunan yayanka ka amsa. Gidaje da yawa sun yi haka, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Sai yaro ya yi ƙwaƙwalwa. Ya wuce midil, ya wuce kwaleji, ya shigo jami'ar da nake aiki, duk da sunan yayansa. A gida yana amsa sunansa na yanka, a takarda yana amsa na wani.

Farkon daminar da auta zai yi jarrabawar ƙarshe, maciji ya sari mai bi mini a gona. Bai kai la'asar ba. Muka je gida ni da auta. Shi ya koma karatu bayan sadakar bakwai, ni kuwa na ɗauki hutuna na shekara na zauna in taya Baba noman farko, don gonar ta fi ƙarfinsa shi kaɗai.

Ranar Laraba na koma aiki. Na tarar da auta a ƙofar ofishina, tsaye da akwatinsa.

"Yaya, an ce na mutu."

Na ce wane irin wasan banza ne wannan da safe? Ya ce an karɓe masa makullin ɗaki, laburare sun hana shi shiga, kuma babu sunansa a jerin masu jarrabawar ranar Litinin. Na shiga na jawo akwatin kati. Ga katin, ga jan layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, an ja shi da rula, tsaf, yadda na koyar. A cikin fayil ga wasiƙa daga ofishin hakimi. Dagaci ya kai rahoton rasuwa, malamin hakimi ya duba jerin 'yan ƙasarsu da ke karatu, ya ga sunan da sunan uba sun yi daidai, ya rubuto ta'aziyya. Abokin aikina ya bi dokar da ke bango harafi da harafi. Na daka masa tsawa, na ce ba ka san ƙanena ba ne? Ya ce, "Na sani, Malam. Ai ka ce rasuwar ƙaninka za ka. Har kuka na yi ina jan layin." Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Na shiga wurin magatakarda da auta a bayana. Na ce ranka ya daɗe, ga mutumin nan da ransa, an yi kuskure. Ya dube shi, ya dubi fayil. Ya ce ya yarda da idonsa, amma takarda mai hatimi ce ta rufe fayil ɗin, sai wata mai hatimi ta buɗe shi. Ya nuna wajen ɗakin fayil da alƙalami, ya ce ai ni na rubuta haka. Ya ba ni zuwa safiyar Litinin.

A bakin ƙofa auta ya ce mu faɗa masa gaskiya mana. Na riƙe hannunsa na ja shi waje. A shekarar da ta wuce an kori wani ɗalibi don ya shigo da takardar shaidar ɗan'uwansa, ni na rufe fayil ɗinsa. Bature ba zai tsaya jin labarin fartanya ba. In mun ce mai sunan yana raye, mun yi ƙarya. In mun ce mai sunan ya rasu, to takardun auta tun daga elemantare na mamaci ne. Gaba kura, baya sayaki. Shekara goma sha bakwai yaron nan yana karatu, ga shi saura kwana biyar.

Na bar shi a ɗakina na ce ya yi ta karatu ko da ba ya gane abin da yake karantawa. Na hau motar kaya zuwa Makarfi, garin hakimi, ta kafe a laka sau biyu, muna sauka muna turawa. A can na ari keken wani abokina. Da hantsi ranar Alhamis ina gaban malamin hakimi, laka har gwiwa.

Dattijo ne, ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Ɗana, ba zan rubuta cewa ba a yi mutuwa ba, an yi. Amma gidanku maza biyu ne bayanka. In uban ya zo da kansa ya ce an yi kuskure, ƙaramin ne ya rasu, ya dangwala yatsa, zan gyara rajista in ba ka takarda." Bai dube ni ba da yake faɗa. Ya san komai, wallahi ya sani.

Na sami Baba a gona bayan azahar, yana cirar ciyawa a kunyar da marigayin ya fara bai ƙarasa ba. Na durƙusa na gaishe shi. Na faɗa masa, ina kame-kame.

"Wato in je in ce ba shi ba ne ya mutu."

"A takarda ne kawai, Baba."

"A takarda ne kawai. Haka na ce wancan karon."

Raina ya ɓaci, kuma kaico, na buɗe baki. Na ce ai kai ka ƙulla wannan, mu ne muke kwancewa. Ban taɓa yi masa magana haka ba, ban kuma sake ba. Ya miƙe a hankali, ya dube ni. Ya ce yaron nan da ya rasu bai taɓa sa takalmi don makaranta ba, bai taɓa ganin birni ba, bai roƙe shi komai ba. Abu ɗaya da aka rubuta a kansa a duniya shi ne ranar da ya rasu, shi ma yanzu mun zo karɓa. Na fashe da kuka a tsakiyar gona, ƙato da ni. Na ce Baba, na cikin ƙasa ya tafi, mai rai nake roƙa wa. In Litinin ta wuce, shi ke nan.

Ya koma cirar ciyawarsa har la'asar, ni ina tsugune a gefe, ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Da safiyar Juma'a na fito na tarar Baba ya sa rigarsa ta zuwa masallaci yana jirana a zaure. Na goya shi a keke. Malamin hakimi ya tambaye shi wanne ne ya rasu cikin 'ya'yansa. Baba ya faɗi sunan auta, sunan da shi ya raɗa masa da bakinsa. Aka kama babban yatsansa aka tsoma a tawada. Da muka fito ya yi ta goge yatsan da ƙasa. Ya ce kada Inna ta ji, sannan ya ce in tafi, zai koma da ƙafa.

Ranar Litinin da sassafe na ajiye takardar a teburin magatakarda. Ya karanta, ya sa hannu. Jan layi ba ya goguwa, sai na yanka sabon kati, na rubuta sunan a kai da hannuna. Na ruga ofishin jarrabawa da kaina, aka ƙara shi a ƙasan jeri da alƙalami.

Na jira auta a ƙarƙashin darbejiya har suka fito. Na ce yaya takardar? Ya ce da sauƙi. Muka ɗan taka, sai ya tsaya.

"Yaya, da mai tsaron jarrabawa ya kira sunan, sai na waiga ƙofa. Na yi zaton marigayi ake kira."

Na ce to, ka amsa dai?

"Sai da ya kira sau uku."