Makanikin Motar da Kamfani Ya Yasar

Jak, sifana, sukudireba, igiya, tocila, tsumma, darduma, dabino a leda, da kwalbar maganin ɗigawa a ido. Abin da Malam Abdoul Aziz ya ɗauko ke nan a wannan Asabar, kuma har suka haye kogin Potomac suka shiga Virginia bai ce uffan ba. Kambai ne ke tuƙi, a motarsa ta jan motoci. Malam na gefe, ya ƙanƙance ido yana duban allunan hanya da ya daina iya karantawa.

"Ba'adare, ka yi tsit kamar wanda albasarsa ta ruɓe a hanyar Legas," in ji Kambai.

"Tuƙa dai, ɗan citta. In mun iske an riga mu, kai za ka gaya ma Rakia."

Kambai ya ƙara wuta.

Makabartar motoci suka nufa, can bayan Manassas, inda ake jibge motocin da suka yi hatsari, mutum ya shiga da kayan aikinsa ya kwance abin da yake nema. Haka Asabar ɗin Malam take shekara da shekaru. Sauran ranaku yana garejinsa a garin Clinton, wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe a bayan shagon taya, daga bayan sallar asuba har la'asar. Mutumin garin Tawa ne, a tashar garinsu ya koyi gyaran mota, kuma ya haura sittin.

Kusan duk aikinsa a kan mota iri ɗaya ne, wata ƙaramar jif da ba ta shan mai sosai, mai ɗaukar iyali da buhun shinkafa. A gida mutum ba ya sayen motar da ta burge shi, wadda makanikin unguwa ya san cikinta yake saye. Mutanenmu sun tafi da wannan hali har Amurka. Baƙo zai sauka, ya sami lasin, ya tambayi Malam wacce zai saya. Malam ya ce wannan. Shi ma ya gaya wa na bayansa. Har ta kai ranar Juma'a sai ka ga dattijo a filin masallaci yana ta fama da makulli a jikin motar wani.

Sai kamfanin ya sanar cewa ya daina ƙera ta. An ce kayan gyara za su ci gaba da samuwa, kuma sun samu na ɗan lokaci. Daga nan suka yi tsada, daga nan aka koma jira. Raunin motar a giya yake, kuma sabuwar giya ta fi tsohuwar motar daraja. Masu hali suka sayar suka sauya. Waɗanda suka rage su ne masu jinyar tsofaffi a gidaje, masu kai abinci, masu kitso da ɗalibai. Ba wanda ya tuhumi Malam. Shi ya ɗora wa kansa. Ya ce bakinsa ya saka mutane a ciki, hannunsa zai riƙe su.

Ya tashi a masallaci ya roƙi abu ɗaya: duk wanda tasa ta mutu, kada ya sayar wa masu ƙarfe, ya kawo masa. Gawa yake ce musu. Kambai, mutumin Kafanchan, shi ke jawo su. Ƙofar wannan ta koma jikin waccan, fitilar waccan ta haska wa wani hanya. Furera, ma'aikaciyar jinya, ta ce motarta ƙofa huɗu ce launi uku, amma ba ta taɓa barin ta a hanya ba. Mu da muka yi karatu a can muka dawo gida, da yawanmu a irin wannan mota mai faci muka je jarrabawa.

Malam, kai ne ke kafa bakin sukudireba a jikin inji, ka ɗora kunne a kan mariƙinsa, ka faɗi ciwon kafin a buɗe. Kai ne ba ka taɓa cewa mota ta gyaru ba alhali ka san za ta tsaya da mutum cikin ƙanƙara. Jigon marasa gata, wanda kamfani bai san da zamansa ba.

Sai ciwon suga ya taɓa masa ido. Likita ya hana shi tuƙi, ya ce a jira a yi masa aikin ido, wataƙila gani ya dawo, wataƙila a'a.

Cikin wannan hali giyar motar Rakia ta mutu. Rakia kitso take yi. Mijinta Hamidou tsohon direban tasi ne, ƙodarsa ta daina aiki, kuma da wannan mota take kai shi wankin ƙoda daga Fort Washington. Inda suke bas ba ta kusa, shi kuma ba ya iya tsayuwa cikin sanyi. Maƙwabta sun yi ta taimako, amma kowa na da aikinsa. Wata rana mai ɗaukar su ya makara, aka rasa layi. Kafin zama na gaba ƙafafun Hamidou sun kumbura, numfashi ya gagare shi, sai motar asibiti ce ta kwashe shi. Da aka sallamo shi, likita ya ce kada a kuma. Gawarwakin da ke bayan gareji kuwa duk an cinye giyarsu tuntuni.

Shi ya sa suka yi sammako zuwa Manassas. An gaya musu akwai guda da aka buge ta baya, gabanta lafiya.

Suka same ta a ƙarshen layi, cikin taɓo. Malam ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashinta, yana lalube da hannu. Ya kwance ƙusar man giya, ya tara yatsa, ya kai hanci. Ya daɗe a kwance.

"Yaya?" in ji Kambai.

"Ta ƙone."

"Haba dai. Ka sake shinshinawa. Hancin nan albasa ta gama da shi."

"Zo ka duba, kai mai ido. Mi ka gani cikin man?"

Kambai ya durƙusa ya haska tocila. "Baƙi ne. Da ɗan ƙyalli-ƙyalli."

"Garin ƙarhe ke nan. In na sa mata wannan, bisa gada za ta tsaya da maras lahiya."

Ya mayar da ƙusar ya ɗaure, kamar akwai mai zuwa tuƙa ta. Ya yi azahar a kan darduma tsakanin motoci. Suka koma hannu rabbana.

Shi ma Malam irin motar gare shi. Tun da aka hana shi tuƙi take rufe da tamfol a gefen gareji, yana tayar da ita kowace safiya don ya ji muryarta, yana jiran aikin ido. Giyarta ba ta da kamarta a duk yankin, don shi ke kula da ita. Da suka iso, ya yaye tamfol ɗin.

"Kama mini mu tura ta ciki."

Kambai ya tsaya. "Malam, ka san abin da kake yi? Ƙasar nan wanda ba shi da mota fursuna ne. In idon ya buɗe fa? Da me za ka sayi wata?"

"In ya buɗe, na gode Allah. Hamidou ba shi iya jiran likitana."

"To ni ba direbanka ba ne, ka ji ko?"

"Wa ya tambaye ka? Tura."

Suka yi aikin mayar da giyarsa jikin motar Rakia tare, hannu na Malam, ido na Kambai. Malam na lalubo ƙusa, Kambai na faɗa masa ko ta zauna. Sun yi faɗa a kan sifana, sun shirya, sun ci dabino.

Da Rakia ta zo ɗauka, ta ga tata a waje tana aiki. Ta leƙa ciki ta ga ɗayar a kan jak, cikinta a buɗe. Ta san ta.

"Baba, wannan ai taka ce."

"Ɗiyata, tahi ki ɗauki mijinki. Kada ki taka ta da ƙarhi in za ki hau tudu."

"Baba, mi zan ce?"

"Ki ce ina gaishe shi."

Ta rufe fuska da mayafi, ta shiga ta ja.

Hamidou bai warke ba. Amma tun daga ranar bai sake rasa layi ba. Idon Malam ma har yanzu jiya i yau.

Malam Abdoul Aziz, mun gode. Allah Ya saka maka, Ya ba ka lafiya. Ku kuma da ke ba baƙo shawara a ƙasar mutane, ku dubi mutumin nan: ya faɗi magana, ta zama nauyi, bai gudu ya bar ta ba. Wanda ke da ido da mota a Clinton, ya tuna akwai dattijon da ke buƙatar a kai shi masallaci da asibiti.

A ranar, bayan Rakia ta fita, Malam ya goge hannu da tsumma, ya lalubo sarƙar ƙofar garejin ya jawo ta har ƙasa. Ya miƙa wa Kambai makulli.

"Gyara na aje shi daga yau. Abin da ya rage jikin motata na jama'a ne. Wanda ya zo, ka buɗe mishi ya cire."