Rawanin Baba Ubaidullahi

Kai mai karatun nan, ka taɓa jin ihun "ɓarawo!" a kasuwa ka tambayi me aka sata kafin ka duƙa neman dutse?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, shida ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Baba Ubaidullahi Sifawa, tsohon gandiroba, sakamakon jifan da ya same shi a wata kasuwar ƙauye tsakanin Bodinga da Shagari.

Baba, nakan zo maka da abin da na tsinto a littattafai: wasu masana sun ce ɓarawo da halinsa ake haihuwarsa, wasu sun ce yunwa ce, wasu sun ce mutum yakan auna riba da hukunci kafin ya miƙa hannu. Sai ka yi dariya ka ce, "Maniru, duk na tsare su. Na ga mayunwaci, na ga ɗan gata. Amma wanda yaf fi komowa kurkuku, wanda gari yal laƙa ma suna ne, yah hana mai tuba."

Shi ya sa bayan ka yi ritaya, in an kama wani, sai ka kutsa cikin taro ka warware rawaninka ka naɗa masa. Wa zai daki kan da ke ɗauke da rawanin dattijo? Da haka ka kai mutane da dama gaban alƙali da ƙafarsu.

Haka ka yi wa Bawa mai dakon albasa, da aka ce ya ɗauke babur. Ka naɗa masa kana cewa, "Ku dakata, wanga ɗana ne, hukuma za shi." Sai aka ƙyale kan da ke da rawani, aka jefi wanda ba shi da shi.

Bawa yana tsare har yau. Ba a kai shi kotu ba, ba a sake shi ba, kuma babu wanda ya fito ya ce babur ɗinsa ne ya ɓata. Na gaji da jin "tsautsayi ne", Baba. Tsautsayi ba ya da hannu.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya ba matarka Inna Hajjo da 'yarka Kausar haƙurin wannan rashi.

Mai jifa na bar shi da Allah. Amma ranka ya daɗe Sarkin Kasuwa, a gaban rumfarka aka fara ihun. Ka tsaya gaban jama'a bayan sallar Juma'a ka faɗa mana: wa ya kira Bawa ɓarawo, kuma babur ɗin wa ya sata?